A Bar Karkashi Ya Yi Fure

Da wuya a sami Bahaushen da bai taɓa kai loma da miyar karkashi ba. Amma a tara mutanen birni a tambaye su launin furensa, za a ji an yi tsit. Dalilin a fili yake. Karkashin da ke isowa kasuwa ganye ne, ɗanye ko busasshe ko dakakke, an tsinke shi tun yana da taushi, kafin ya kai ga fure. Wanda ya tsira daga hannun mai tsinka kuwa yana can gefen gona ko bakin hanya, inda ake yi masa kallon ciyawa, fartanya ta share shi ko maganin feshi ya ƙone shi.

Furen nan kuwa ba abin rainawa ba ne. Yana fitowa ɗai-ɗai daga inda ganye ya haɗu da kara, dogo mai buɗaɗɗen baki kamar na algaita, tsawonsa bai wuce gaɓa biyu ta yatsa ba. Launinsa tsakanin ruwan hoda da shunayya mai haske, can cikin maƙogwaronsa kuma fari-fari ne da layuka masu duhu. Leɓensa na ƙasa ya ɗara sauran tsawo. Da asuba yake buɗewa, kwana ɗaya tak yake yi ya faɗo, washegari wani ya buɗe a samansa. Haka tsiron zai yi ta hawa yana fure, mako bayan mako, tun daga tsakiyar damina har kaka ta shigo.

Ra'ayina shi ne a ba wannan tsiro wuri a tsakar gidajenmu, a kuma bar wani ɓangare nasa ya yi fure har ya gaji. Zai ƙawata gida, zai ba da miya, kuma ba zai cinye wa mai gida kuɗin ruwa ba. Amma babban dalilin ya fi waɗannan duka: ƙudan zuma da danginsa, waɗanda cimarmu ke rataye da aikinsu, suna rasa wurin kiwo a garuruwanmu.

Manomin gero ya san bununi. Idan gero ya fitar da kai, ya yi wannan gari mai laushi da ke manne wa mutum a riga, iska ce ke kwasarsa daga wannan zangarniya zuwa waccan, da haka ƙwaya ke samuwa. Dawa da masara ma ba sa jiran ƙwaro. Amma a dubi kabewa. Furenta iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya, namiji da mace, ita macen ana gane ta da ɗan ƙullutun da ke gindinta. Garin furen kabewa yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa. Sai ƙwaro ya shiga namijin ya fito buɗu-buɗu, ya faɗa cikin macen, sannan ƙullutun nan zai zama kabewa. In babu ƙwaro sai ya yi rawaya ya zube, mai gona ya ce ai shekarar ce ba ta yi ba. Haka kankana take, haka agushi, haka duman da ake fafe ƙwarya da ludayi. Wannan aiki shi ake kira barbarar fure.

A shekarar 2016 wani kwamitin masana na ƙasa da ƙasa mai suna IPBES ya fitar da rahoto a kan wannan batu. Ya nuna cewa kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gonar da duniya ke ci suna amfana da barbarar ƙwari da tsuntsaye da jemagu, wasu kaɗan wasu da yawa, sannan kusan kashi 90 cikin 100 na tsirran daji masu fure sun dogara da su. A ƙasar Hausa ana iya cewa iska ta ɗauke mana nauyin tuwo, amma da yawa daga abin da ke sa tuwon ya ciwu aikin masu fukafukai ne. Ɗorawar da ake yin daddawa da kalwarta, jemagu ne ke bin furenta da dare, zuma ta biyo da sassafe. Kaɗanyar da ake samun man kaɗe daga gare ta, zuma da ƙananan danginta marasa harbi ne ke yi mata hidima. Mangwaro kuwa har ƙudaje suna da hannu a cikinsa.

Akwai wani bincike da ya fi kusa da mu, wanda aka gudanar a gonakin ƙananan manoma a Burkina Faso aka buga a 2017. Masu binciken sun rufe wasu furannin auduga da na riɗi yadda ƙwari ba za su kai gare su ba, suka bar wasu a buɗe. Inda aka hana zuma shiga, amfanin auduga ya ragu da kusan kashi 37 cikin 100, na riɗi kuma da kusan kashi 59. A tuna cewa riɗi na cikin manyan kayan gonar da Nijeriya ke fitarwa waje, kuma manoman Jigawa da Nasarawa da Binuwai da dama da shi suke biyan buƙatunsu na shekara. Karkashi kuwa ɗan uwan riɗi ne na jini, dangi ɗaya suke, furensu ma ƙira ɗaya ce. Zumar da ta iya shiga wannan ta iya shiga wancan.

To yanzu a dubi gidajen da muke ginawa. A da, tsakar gida ƙasa ce, da bishiyar zogale ko lalle a lungu, da kabewa ta hau danga, da rama da yakuwa a bayan ɗaki. Yau wanda ya sami hali, abin da yake fara yi shi ne ya malale ko'ina da siminti ko ya shimfiɗa intalok, daga ƙofa har bakin makewayi. Ba na ganin laifinsa gaba ɗaya, domin caɓi da ƙura da tsoron maciji ba ƙarya ba ne. In ya so ado sai ya tsaya wajen masu sayar da fulawa na bakin titi ya sayi abin da ya tarar, galibi tsirran da asalinsu Asiya ne ko Kudancin Amurka, da ciyawar shimfiɗa wadda ba a barinta ta yi fure. Wasu daga baƙin tsirran nan suna ciyar da zuma, gaskiya ce; darbejiya da zogale da mangwaro duk daga Indiya suka zo, kuma zuma na son su. Amma da yawa daga na ado an zaɓe su ne don idon mutum kawai. Akwai waɗanda aka yi ta gyara irinsu har furen ya cika da ninki, ƙwaro ya rasa ta inda zai shiga. Ga kuma ƙishirwarsu. A unguwar da ake sayen ruwa jarka-jarka wajen 'yan garuwa, tsiron da sai an ba shi ruwa safe da yamma a watan Afrilu ba zai daɗe ba. A can karkara kuma maganin ciyawa ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, yana share har gefen gona da iyakoki, inda furannin daji ke fakewa a da.

Shi karkashi ɗan ƙasa ne. Masana tsirrai sun daɗe suna kiransa Ceratotheca sesamoides, ko da yake a 'yan shekarun nan wasunsu sun mayar da shi cikin jinsin riɗi kai tsaye. Yana fitowa da kansa tun daga Senegal har Sudan da Tanzaniya, ya gangara kudancin Afirka. A wasu sassan ƙasar Hausa, musamman Nijar, an fi saninsa da yoɗo. Akwai kuma wani ɗan uwansa, Sesamum radiatum, wanda shi ma karkashi ake ce masa a wurare da yawa. Ya fi miƙewa tsaye, kwansonsa irin na riɗi ne sak, alhali kwanson na farkon shafaffe ne da 'yan ƙahoni biyu a kai. Duk wanda mutum ya samu a cikin biyun ya yi, domin dukansu na nan ne, dukansu suna yauƙi, dukansu zuma na ziyartarsu. Mutanen Barno da Yobe da Adamawa ba a gaya musu daɗin miyarsa da busasshen kifi da 'yar kanwa, mata kuma sun san ruwan ganyensa wajen wanke kai da warware gashi tun kafin man kanti ya zo.

Yana da kyau a fahimci abin da ake nufi idan an ce tsiro yana jure fari, don kada a ɗora wa karkashi abin da ba zai iya ba. Ba ya rayuwa ba ruwa. Tsiro ne na shekara guda, kuma dabararsa ita ce sauri. Yana tura saiwa can ƙasa inda laima ke daɗewa, ya yi girma, ya yi fure, ya zubar da iri cikin 'yan watannin da ruwa ke sauka, sannan ya bushe. Rani yana tarar da shi a matsayin ƙwayar iri kwance cikin rairayi, ba ruwansa da zafin bazara. Irin kuma, kamar na yawancin tsirran daji, ba ya tsirowa gaba ɗaya lokaci guda; in ruwan farko ya yaudari wasu suka fito suka ƙone, akwai na baya suna jira. Shi ya sa ake samunsa a jigawar Damagaram, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, kuma idan aka yi ɗan fari na mako biyu a tsakiyar damina sai ya lanƙwashe da rana ya miƙe da dare, har ruwa ya dawo.

Neman irin shi ne aikin farko, domin ba a cika samunsa a shagon sayar da iri cikin leda mai hoto ba. A tambayi matan da ke kawo ganye kasuwa daga ƙauyuka, ko a yi wa dangi na karkara saƙo su tsinko busassun kwanso da kaka. Wanda ya fita gona da kansa ya ɗebo daga tsirrai da yawa, kada ya tsaya kan guda ɗaya, kuma kada ya kwashe duka. Wurin ma yana buƙatar irin baɗi.

Wurin shuka kuwa rana yake so, rana sosai. Gindin bishiya ko lungun da katanga ke rufewa yini guda ba zai yi ba, tsiron zai yi tsawo siriri ya ƙi fure. Ƙasa mai rairayi wadda ruwa ke wucewa ita ce tasa. Abin da ke kashe karkashi a gida ba ƙishirwa ba ce, yawan ruwa ne: in ƙasar laka ce, ko wurin kwari ne da ruwa ke kwanciya a lokacin marka, saiwar za ta ruɓe. A irin wannan wuri sai a zuba yashi a yi ɗan tudu ko kunya. Taki kaɗan ya isa, busasshen kashin awaki ko na tumaki da ya riga ya ruɓe. Kada a zuba masa yuriya. Za ta sa shi ya yi ganye kore shar har mutum ya yi murna, amma furen zai yi ƙaranci ya kuma makara.

Wanda gidansa siminti ne ko'ina bai rasa hanya ba. Tsohon bokiti, fasasshiyar randa, buhun da aka naɗe bakinsa, duk za su yi, muddin an huda gindinsu kuma suna da zurfin da bai gaza santimita 30 ba, saboda saiwar. Sai dai a sani cewa tsiron da ke cikin mazubi ba shi da inda zai bi laima, don haka shi kam sai an riƙa leƙa shi. Mai intalok kuma zai iya cire 'yan tubala a jikin katangar da rana ke duka, ya sami fili mai faɗin taku ɗaya. Ya isa.

Idan ruwan shuka ya sauka sosai, a watan Yuni ko farkon Yuli a yawancin ƙasar Hausa, sai a cuɗa irin da busasshen yashi saboda ƙanƙantarsa, a yafa, a bi da tafin hannu a shafe sama-sama. Kada a binne shi da zurfi. Ya fi kyau a shuka shi a inda zai zauna, domin dangin riɗi ba sa son a taɓa musu saiwa. In ya fito ya kai tsawon yatsa sai a rage, a bar tazarar santimita 20 zuwa 30, waɗanda aka cire su tafi tukunya. Makonnin farko su ne na lura: a cire masa ciyawa, a ba shi ɗan ruwa in sama ta yi jinkiri. Bayan nan sai a sakar masa mara. A shuka shi a tare wuri guda maimakon a warwatsa ɗaya nan ɗaya can, domin zuma ta fi hango tarin fure, kuma ba ta son ɓata ƙarfi tana tsalle tsakanin nesa da nesa. Gidan da ke da awaki da kaji kuwa, sai an kewaye wurin da kara ko ƙaya ko tsohuwar raga, in ba haka ba ko mako ba zai yi ba.

A nan ne buƙatar uwargida da ta zuma ke karo, kuma gara a faɗe ta a fili. Mai son ganye tana tsinke kan tsiron ne, wato tohon sama mai taushi, kuma duk lokacin da aka tsinke shi sai ya fitar da rassa ya ƙara ganye, furen ya ja baya. Masu noma shi don sayarwa da gangan suke hana shi fure, domin da zarar ya juya ga yin iri ganyen sai ya ƙanƙance ya yi tauri. Ba laifi suke yi ba, sana'arsu ce. A gida kuwa maganin mai sauƙi ne: a raba wurin biyu. Rabi na miya, a yi ta tsinka. Rabi kuma a tsinke kansa sau ɗaya tak yana ƙarami don ya yi rassa, daga nan kada wani ya sake kai masa hannu. A gaya wa yara da duk mai shiga madafi cewa wannan ɓangaren na fure ne. Daga shi za a sami irin baɗi, saboda haka ko ta fuskar tukunya ba asara aka yi ba.

Wanda ya bar shi ya yi fure, ya zauna kusa da shi da hantsi ya kalla. Zuma za ta sauka a kan dogon leɓen nan na ƙasa, ta bi layukan da ke maƙogwaron zuwa ciki inda ruwan zaƙin yake. A rufin furen daga ciki akwai 'yan sanduna huɗu masu ɗauke da gari, suna gogar bayanta tana shiga, ta fito da shi ta kai fure na gaba. Launin ma ba banza ba. Idon zuma bai cika ganin ja ba, amma yana ganin shuɗi da shunayya da rawaya tar, har da wani haske da idon ɗan Adam ba ya gani. A gindin furen kuma akwai 'yan ƙwayoyi masu tsattsafar da zaƙi, shi ya sa ake ganin kiyashi na hawa da sauka a jikin karan. Ba ɓarna suke yi ba. Karkashi yana iya yin iri ko da ƙwaro bai zo ba, domin furensa na barbarar kansa. Wato a wannan hulɗa zuma ce ta fi cin riba, kuma abin da ake nema ke nan: a ciyar da ita a nan, ta je ta yi aiki a kan kabewar maƙwabci da kuɓewar bayan gari.

Mai kallo zai lura cewa baƙin ba iri ɗaya ba ne. Mu zumar amya muka sani, mai saƙa da kaki, wadda har sura guda aka sa wa sunanta a Alƙur'ani mai girma. Amma nau'o'in ƙudan zuma a duniya sun haura 20,000, kuma mafi yawansu ba sa zama cikin taro, ba sa tara zumar sha. Uwa ɗaya ce ke haƙa ɗan rami a ƙasa, ko ta sami kogon kara ko hudar tsohon bangon ƙasa, ta tara garin fure ta yi ƙwai a kai ta toshe. Akwai babbar baƙar nan mai ƙugi da ke huda busasshen itace, akwai masu yanka gefen ganye su yi shimfiɗa da shi, akwai ƙanana ƙwarai da mutum zai ɗauka ƙuda ne. Zumar amya tana iya tafiyar kilomita biyu ko uku neman abinci. Ƙananan nan kuwa da yawansu ba sa wuce 'yan mitoci ɗari daga raminsu. In babu fure a unguwar, babu su a unguwar. Wannan shi ya sa ɗan fili a tsakar gida yake da muhimmancin da ya fi girmansa.

Don haka bayan fure sai a ba su masauki. A bar wani ɗan wuri na ƙasa tsurarta, mai rana, wanda ba a haƙa ba a kuma kwarara masa ruwa. A ɗaure ɗan damin busasshen kara ko gora a rataye ƙarƙashin rumfa inda ruwan sama ba ya duka. Da rani a ajiye kasko da ruwa kaɗan, a zuba tsakuwa yadda za su sami wurin tsayawa ba su nutse ba. Amma a zubar a sake sabo duk bayan kwana biyu, domin sauro na buƙatar kusan mako guda ne daga ƙwai zuwa tashi, kuma babu hikima a taimaki zuma a jawo wa yara zazzaɓi.

Duk wannan aikin banza ne idan aka bi furen da feshi. Maganin da ke kashe tsutsar wake yana kashe zuma, fiya-fiya ma haka. Akwai wani rukunin magunguna da tsiro ke tsotsewa su bi jikinsa har cikin ruwan zaƙin furen. Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili tun 2018 saboda illarsu ga zuma, kuma ɗaya daga ciki, imidacloprid, ana samunsa a shagunan maganin gona a nan. A karanta jikin kwalba kafin a saya. Karkashin gida ba ya buƙatar ko ɗaya, balle ganye ne da za a ci. Tsutsa a cire ta da hannu. Ƙananan ƙwarin da ke manne wa bayan ganye suna tsotsa, ruwan sabulu kaɗan ko jiƙon 'ya'yan darbejiya ya ishe su, a fesa da almuru bayan furen ranar ya faɗi. Manomin da feshi ya zame masa dole a gona, shi ma ya jinkirta zuwa yamma lis, lokacin da zuma ta koma gida. Wannan canji bai ci ko kwabo ba.

Na san abin da uwa mai ƙananan yara za ta ce: a jawo mana zuma cikin gida? Tsoronta yana da tushe. Zumar ƙasarmu tana da zafi, kuma ta sha yi wa mutane da dabbobi mummunan rauni. Sai dai wannan zafin a bakin gidanta take yinsa, inda take tsaron saƙa da 'ya'ya. Wadda ke kan fure abinci take nema, ba ta harbi sai an matse ta ko an taka ta, kuma in ta harbi mutum ita ma mutuwa take yi. Masu zaman kaɗaici kuwa ba su da taron da za su kare, da wuya su kula mutum. Ba ina cewa a kafa amya a tsakar gida ba. Wurin amya daji ne ko gona, nesa da jama'a. A shuka furen a gefe, ba a kan hanyar wucewa ko wurin wasan yara ba. Gidan da ke da wanda jikinsa ke kumbura ko numfashinsa ke sarƙewa in zuma ta harbe shi, wannan kam a yi nesa da ƙofar ɗakinsa, kuma in abin ya faru a garzaya asibiti.

Karkashi shi kaɗai ba zai rufe shekara ba. Yana gamawa da kaka. Wanda ke da ɗan ruwan da zai rage, na alwala ko na wankin shinkafa da ganye wanda babu omo a ciki, zai iya sake yafa wani a ƙarshen Agusta ya ja furen zuwa farkon sanyi. Sauran watannin sai a haɗa shi da 'yan uwansa na gida. Gasaya tana fure fari da wuri, kafin shi. Rama da yakuwa suna zuwa a bayansa. Yaɗiya tana hawa katanga ta zauna kore har cikin rani. Mai fili ya bar magarya ko sabara. Tumfafiya ma, wadda kowa ke sarewa, tana fure a lokacin da komai ya bushe, babbar baƙar zumar nan na sonta, kuma a ganyenta wani malam-buɗe-littafi mai ruwan goro yake renon 'ya'yansa. Sai dai ƙullunta na cutar da ido, don haka wurinta bayan gida ne inda yara ba sa zuwa. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa manyan itatuwa ne ke riƙe da zuma, gawo da kaɗanya da mangwaro da ɗorawa, kuma wannan wani dalili ne na barinsu a tsaye.

Mun taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka daina kallon tsiron gida a matsayin datti. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka fara barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonakinsu, suna yi masa aski maimakon su sare su ƙone. Sassaben zamani suke ce masa. Ba a kawo iri daga waje ba, ba a ja ruwa ba, amma an ƙiyasta cewa fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5 ya sake samun itatuwa. Furen tsakar gida bai kai wannan girma ba, amma tunanin ɗaya ne, kuma yana ƙara ƙarfi in an yi shi a tare. Gida goma a layi ɗaya, da harabar makarantar firamare, da gefen masallaci inda ruwan alwala ke malala a banza, sun isa su riƙe ƙananan zumar unguwa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga watan Mayu a matsayin ranar ƙudan zuma, aka fara bikinta a 2018. Ranar ta faɗo daidai lokacin da ake gyaran gona a ƙasar Hausa, don haka malaman makaranta za su iya mayar da ita ranar raba wa ɗalibai iri maimakon ranar jawabi.

Irin kuwa da kaka ake tanadinsa. Kwanson karkashi in ya bushe tsagewa yake yi ya watsar da abin da ke ciki, saboda haka a yanke karan tun kwansunan ƙasa sun fara yin ruwan ƙasa, kafin su buɗe. A ɗaure a jingine a kan tabarma ko buhu a inuwa mai iska, in sun bushe a kakkaɓe, a sheƙe, a zuba a kwalba ko ƙullin takarda a ajiye inda laima da zafi ba sa kaiwa. Kada a sa a leda tun bai gama bushewa ba, zai yi fumfuna. 'Yan tsirrai biyu ko uku kuma a bar su a inda suke su zubar da nasu a ƙasa, kada a share wurin sosai, kada a ƙona. Da ruwan farko na baɗi za su fito da kansu, sai dai a rage.